Sai Hanya Ta Yanke

Yayana direban katafila ne, irin mai dogon wuya da bokiti a gaba wadda ake haƙa da ita. Gaggawa ake ce masa, yara da manya, kuma ban taɓa ganin sunan da ya saɓa wa mai shi irin wannan ba. Mutum ne da in ya sunkuya ɗaura igiyar takalminsa, sai ka dafa shayi ka shanye bai ɗago ba. Magana ma sai ya juya ta a baki ya sake juyawa kafin ya sake ta. Aikinsa ne ya ja masa sunan. Ƙaramar hukuma ba ta tunawa da shi sai ruwa ya cinye hanya an ce a nemo masu aikin gaggawa, shi kuwa shi ake hangowa a saman katafila, sai sunan ya bi shi har gida.

Ni ce ƙanwarsa, kuma duk maganar da Allah ya rage masa ni ya ƙara wa. Shara nake yi a sashen ayyuka na ƙaramar hukumar, tun ina iya ɗaga tebur ni kaɗai har yanzu da gwiwa take min gardama. Mai shara ba a ɓoye mata komai, saboda ba a ma ganinta. Ina goge kujera ana ba da kwangila, ina kwashe kofuna ana fasa ta. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin titi ba.

Ƙofa biyu ake bi a ba da aikin hanya a wurinmu. Ta farko doguwa ce. Sai injiniya ya auna ya zana, sai kwamiti ya zagaya ya ga wurin da idonsa, sai a sa aikin a kasafin shekara, a yi sanarwa, 'yan kwangila su kawo tayinsu a rufe su jefa cikin wani akwatin ƙarfe da ke baranda, a buɗe a gaban kowa a zaɓi ɗaya. An ce an yi haka ne don kada wani ya miƙa wa ɗan'uwansa aiki ta bayan gida, kuma ban ce ƙarya ba ne. Amma ni nake goge akwatin nan, gizo-gizo ya fi 'yan kwangila zuwa wurinsa. Ƙofa ta biyu gajeriya ce, waya ɗaya ta isa. Ita ce ta gaggawa. Sharaɗinta shi ne sai hanya ta yanke mota ta daina wucewa, kuma abin da za a yi kawai a mayar da ita yadda take. Ba a faɗaɗawa, ba a gyara kuskuren da aka yi tun farko. Wanda ya ƙara ko bulo ɗaya ya shiga hurumin doguwar ƙofa, shi zai tsaya ya yi bayani.

A bayan gari akwai ƙorama, a kanta akwai kwalbati: manyan bututun kankare guda uku a jere, an zuba jar ƙasa a kansu mota tana bi. An yi shi tun muna yara, lokacin da tsalle ɗaya yake raba mu da ɗaya gefen. Tun daga nan gari ya hau tudu, kowa ya malala siminti a tsakar gidansa, ruwan da ƙasa take shanyewa a da ya koma gangarowa gaba ɗaya. Ƙorama ta yi faɗi ta yi zurfi, bututun nan uku suna nan yadda suke. In aka yi ruwa mai ƙarfi sai su kasa haɗiye shi, ya taru ya hau, ya kwashe ƙasar da ke kansu ya yi gaba. A tsallake kuwa akwai mutane, akwai gonaki da unguwanni da makarantar firamare, kuma ba su da wata hanyar sai wannan.

Kowa ya san gada ake bukata, Injiniya ya fi kowa sani. Ya zana ta tun yana sabon zuwa, gashinsa baƙi ƙirin, ya sa zanen a gilashi ya rataye a bayan kujerarsa. Ni nake goge gilashin. Takardar ta yi ja, gashinsa ya yi fari, gada tana nan a bango.

Katafilar da Yaya yake tuƙawa ba tasa ba ce. Ta wani ɗan kwangila ce da ake kira Ba-Matsala, domin ko gidansa aka ce masa ya kama da wuta abin da zai fara fita daga bakinsa ke nan. Tsohuwa ce, sai ta yi tari ta yi hayaƙi kafin ta tashi, amma ita kaɗai ce a yankin, don haka duk aikin gaggawa hannunsa yake faɗawa. Duk shekarar da kwalbatin ya tafi, Injiniya ya buga wa Ba-Matsala waya, Ba-Matsala ya aiko wa Yaya, Yaya ya fara ɗaura takalmi.

Na sha kai masa abinci can in tsaya ina kallo. Ba ya fara zuba ƙasa sai ya kwashe duk abin da ya toshe bakin bututun, itace da laka da tarkacen gari. Ya gyara musu zama, ya jera duwatsu ta gefen da ruwa yake dukowa. Sannan ya zuba ƙasa kaɗan, ya hau kanta da katafilar ya yi gaba ya yi baya har ta kwanta, ya sake zuba kaɗan ya sake hawa. Masu jiran wucewa su yi ta tsaki, wani ya ce, "Baba Gaggawa, a nan za mu tsufa?" Ko kallonsu ba ya yi. Cikonsa yakan daɗe, kuma in zai tafi sai ya yi sallama: gefe ya fara zaizayewa, sama ta tsage, kowa ya gani ya tsaya.

Hannunsa kuwa ba a magana. Wata shekara ɗan akuya ya faɗa ramin da ruwa ya haƙa, ya nutse a laka har wuya yana kuka. Yaya ya sauke bokitin nan mai haƙoran ƙarfe, wanda yake tumɓuke bishiya da shi, ya zura shi sannu a ƙarƙashin lakar, ya ɗago ɗan akuyan da lakarsa gaba ɗaya ya ajiye a gefe, ko ƙwarzane babu. Mutane suka yi ta tafi. Shi ko murmushi bai yi ba, ya koma kan aikinsa.

'Ya ɗaya Allah ya bar masa. Ya sha wuya a kanta har ta gama karatu ta zama malama, kuma daga ranar shi ma Malama yake ce mata, ko ruwa zai ce ta miƙo masa. Bakina ta ɗauko, ba nasa ba. In hadari ya haɗu ta gan shi yana duba katafila sai ta ce, "Baba, kai kaɗai ne a garin nan in ruwa ya yi ɓarna kake wanke fuska."

Sai ya ce, "Ci abincinki, Malama. Daga cikin ɓarnar aka sayo shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba sai da aka tura Malama koyarwa makarantar tsallake. Daga nan kwalbatin ya tashi daga wurin neman abinci ya koma abin da yake hana shi ci. Kullum da safe ƙaramar motar haya takan ɗauke ta a bakin kasuwa, da ita da 'yan kasuwa da ma'aikata, ta hau kan ƙasar da ubanta ya zuba, da yamma ta sake hawa. In aka fara yayyafi ba ta dawo ba, sai ka gan shi tsaye a ƙofar gida, matarsa tana kiransa abinci yana hucewa, shi kunnensa yana kan titi.

Wata rana ya zo ofishinmu. Ina goge baranda ya tare Injiniya, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ranka ya daɗe, gadar nan fa?"

Injiniya ya yi wata dariya wadda babu daɗi a cikinta. "Baba Gaggawa, ai kai ka hana a yi ta."

"Ni?"

"Kai mana. Kwamiti sau ɗaya yake zagayawa a shekara, tsakiyar damina, kafin a haɗa kasafi. Hanyoyi sun yi yawa, abin da ke hannu kaɗan ne. Duk inda motarsu ta wuce lafiya sai su ce wannan tana biyuwa, ta jira baɗi. Kai kuma kullum sai ka cike musu ita sumul kafin su zo. Me zan ce musu? Na yi magana har na gaji da jin muryata."

Yaya ya juya maganar a baki, sannan ya ce, "In suka tarar da ita a yanke fa?"

"Da dole su sa ta a gaba. Amma wa zai bar mutane a yanke har su zo?"

Ya shige ofis. Gajiya ce ta yi magana da bakinsa, ba shawara ya bayar ba. Yaya kuwa ya daɗe tsaye da hula a hannu, har na ce masa ya matsa min in goge wurin.

A shekarar ruwa ya sauka da wuri, kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe kwalbatin saura 'yan makonni kwamiti ya fito. Ba-Matsala ya aiko. Yaya ya hau katafila ya tayar da ita, ya taɓa nan ya taɓa can, ya sauko ya ce hannunta ba ya ɗagawa, famfon ya mutu, sai an aika nesa an nemo wani. Wani ɗan ƙarfe ne ya kwance daga cikinta ya sa a aljihu. Mutumin da bai taɓa cin ƙwayar gyaɗar wani ba, ranar ya tsaya a gaban maigidansa ya shirga ƙarya, gumi yana tsattsafo masa.

Hanya ta zauna a yanke. Mutanen tsallake suka koma shiga ruwa, takalmi a hannu kaya a kai. In ƙorama ta cika kuwa sai kowa ya tsaya a gefensa yana kallon ɗan'uwansa. Kayan lambu suka ruɓe a buhu. Aka ɗauko wani tsoho marar lafiya a kan ƙyauren ɗaki aka ratsa da shi ruwa har ƙirji. Duk wanda ya wuce ƙofar gidan Yaya sai ya yar da magana.

Malama ta gane tun ranar farko. Ina gidan ta dawo, zanenta sharkaf, ta zauna kusa da shi.

"Baba, yara rabin aji sun daina zuwa."

"Ki yi haƙuri, Malama. Kwana kaɗan ne. Su zo su gani da idonsu, ki samu gada."

"Kai ka san aikinka. Amma ni ban saba ganinka kana ƙarya ba, Baba. Ba ta yi maka kyau, kamar ka ari rigar wani."

Ya ce mata ta je ta sauya kaya kada sanyi ya kama ta.

Abin da Yaya bai sa a lissafinsa ba shi ne hukuma ba ta iya jure hayaniya a ƙofarta. Mutanen tsallake suka cika harabar ofishinmu, kansilansu yana dukan tebur, shugaban ƙaramar hukuma ya ce ko ta halin ƙaƙa a buɗe hanyar nan. Ba-Matsala ya ga aiki zai kuɓuce masa, sai ya yi hayar wata katafila daga birni, da direbanta. Haya ce ta kwana, duk wayewar gari ƙarin nauyi ce a kansa, don haka abin da aka gaya wa direban shi ne ya yi sauri. Ya kuwa yi. Bai leƙa bakin bututu ba, bai jera dutse ba. Ya tula ƙasa gaba ɗaya har ta cika ramin, ya shafe samanta da bayan bokiti ta yi santsi, kafin rana ta faɗi mota ta wuce. Mutane suka yi ta sa masa albarka, wasu suna cewa ashe dama ana iya yi da sauri, tsohon nan ne yake ja mana rai. Injiniya ya zo washegari ya bi ta kai da motarsa ya karɓi aiki. Ciko kuwa ba a ganin cikinsa.

Makanikin Ba-Matsala ya buɗe tsohuwar katafila ya ga abin da aka cire. Ba-Matsala ya zo har gida ya miƙa hannu a ba shi makulli. Ranar ce kaɗai aka ji ya ce akwai matsala.

Kwamiti ya fito a kan lokacinsa. Suka wuce tsallake suka dawo, suka zauna a ɗakin taro, ni na kai musu ruwa. Da kunnena na ji an ce wannan tana biyuwa, ta jira baɗi.

Yaya bai tsaya cizon yatsa ba. Ya gangara cikin ƙoramar ya duba. Bututu biyu a toshe suke, wani katon kututture ya gitta a bakinsu laka ta ɗinke shi. Ta ɗaya gefen kuma ruwa yana tsattsafowa daga jikin cikon kansa, ja-ja, yana tafiya da ƙasa kaɗan-kaɗan. Ya zo ofis da lakarsa har gwiwa, ya ɓata min barandar da na gama gogewa.

"Ranka ya daɗe, cikon nan ruwa yana cinsa ta ciki. Sama lafiya lau, ƙasa rami. Ba zai yi sallama ba."

Injiniya ya cire tabarau ya murza ido. "Na yarda da kai, Baba. Wallahi na yarda. Amma hanyar da mota take bi ba zan iya kiranta gaggawa ba, mai binciken kuɗi zai ce na ƙirƙiro aiki. Doguwar ƙofa kuma kwamiti ya riga ya wuce. Ba ni da ƙofa ta uku."

"To sai yaushe?"

"Sai ta yanke."

Injiniya ya sa aka kafa allo an hana manyan motoci bi, iyakar abin da hannunsa ya kai ke nan. Yaya ya je wurin Ba-Matsala ya durƙusa, da furfurarsa, ya roƙi katafila ta rabin yini kawai ya ja kututturen. Ba-Matsala ya ce aikin da aka riga aka karɓa, in ya sake taɓa shi ya shaida da kansa cewa bai yi ba ke nan. Sai Yaya ya ɗauki shebur. Kullum da safe ya gangara ya shiga laka yana haƙar bakin bututu da hannu, mutumin da ya saba motsa tudu da yatsa biyu. Abin da ya kwashe yau ruwan gobe ya mayar. Kututturen ko motsi bai yi ba. Masu wucewa ta sama suna leƙo shi, wasu suna cewa haushin an ƙwace masa aiki ne ya taɓa masa kai.

Ya sa Malama ta yi masa alkawari: duk sanda mota ta iso kwalbatin, ta sauka ta taka da ƙafa, ta jira ta a gaba. Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, kin ji Baba zai mayar da ni abin kallo," amma ta riƙe alkawarin. Direba yana mita, fasinjoji suna tsokanarta, ita tana sauka.

Lakar ta kwantar da shi da zazzaɓi. A cikin kwanakin aka wayi gari da ruwa, ba mai ƙarfi sosai ba, irin mai naci wanda ba ya ɗaukewa. Wani da ya tsira daga motar hayar ya ba ni labari daga baya. Ya ce Malama tana can kujerar baya an matse ta da kaya. Da suka doshi wurin ta ce direba ya tsaya ta sauka. Direba ya ce, "Haba Malama, cikin ruwan nan? Dubi hanya lafiya lau." Hanya kuwa lafiya lau take a ido. Suna kaiwa tsakiya ƙasa ta buɗe.

Ina cikin ofishin Injiniya ina shara waya ta yi ƙara. Na ga fuskarsa ta sauya, ya ajiye, ya sake ɗauka ya kira Ba-Matsala. Yanzu ta yanke, yanzu ƙofa ta buɗe. Na yar da tsintsiya na fita da gudu, gwiwar da take min gardama ranar ba ta ce komai ba. Na isa gidan Yaya daidai lokacin da Ba-Matsala yake tsaye a tsakar gida cikin ruwa, makulli a tafin hannunsa, ya kasa haɗa ido da kowa. Yaya ya fito yana rawar sanyi.

"Wace mota ce?"

"Ta safe."

Bai sake tambaya ba. Ya karɓi makulli ya fita, takalminsa yana nan a bakin ƙofa.

Motar ta kifa da goshi cikin ramin, ƙasa ta rufto a kanta, ruwa yana zagaye ta yana kumfa. Maza suna tono da hannu da fartanya. Da katafila ta iso aka buɗa mata hanya, kowa yana ihu, "Yi sauri, Baba! Yi sauri!" Bai yi sauri ba. Haƙoran bokitin nan suna iya raba mutum biyu, shi ya sani. Ya riƙa yaye ƙasar kaɗan-kaɗan, ya tsaya a leƙa, ya sake yayewa. Ni da nake zaginsa a kan nawa tun muna yara, ranar na tsaya ina kallon hannunsa a kan sandar sarrafa bokitin, ko rawa ba ya yi, alhali duk sauran jikinsa yana karkarwa. Aka fito da masu rai, aka fito da waɗanda ba su da shi. Malama ba ta ciki. Gilashin baya ya fashe, ruwa ya ja ta.

Yaya ne ya gano inda take. Daga can sama ya hango gefen mayafinta a bakin bututun da ya yi ta haƙa da shebur, jikin kututturen nan. Ya ɗaga hannu ya ce kowa ya matsa. Ya sauke bokitin, ya zura shi sannu a ƙarƙashin lakar, ya ɗago ta da lakarta gaba ɗaya, ya juyo a hankali ya ajiye ta a kan ciyawa. Ko ƙwarzane bai ƙara mata ba. Ba wanda ya yi tafi. Ya kashe injin ya zauna a can sama, ruwa yana sauka a kan gilashin, bai sauko ba. Ni na je na cire mayafina na rufe ta. Na yi kuka har muryata ta tafi, kuma ban yafe wa kowa ba a ranar, har da shi.

Shugaba ya zo gaisuwa da jama'arsa, ya ce in Allah ya yarda gada ta zama dole. A ofis kuwa kasafi an riga an rufe, sai kwamitin baɗi. Kafin nan hanya a yanke take, mutane suna tsallake, ga sauran damina. Aka ba da aikin gaggawa, a mayar da ita yadda take. Ba-Matsala ya zo gidan yana sunkuyar da kai, ya ce ya san halin da ake ciki, zai nemo wani direban, sanarwa kawai ya zo yi.

Na ce, "Yaya, ka bar su. Ka bar ta a yanke har su zo su gani, su ji kunya in suna da ita."

Ya dube ni da idanun da suka faɗa. "Na taɓa barinta," ya ce. "In ban yi ba wani zai yi."

Ya miƙa hannu aka ba shi makulli.

Ban je kallo ba, amma an gaya min. Ya ja kututturen ya jefar can nesa. Ya wanke bututun nan har ana hango haske ta ɗaya bakin. Ya jera dutse, ya zuba ƙasa kaɗan ya hau, ya zuba kaɗan ya hau, ya fi kowace shekara daɗewa, kuma wannan karon ba wanda ya yi masa tsaki. Yaran makarantar tsallake sukan tsaya daga nesa suna kallonsa, in ya juyo su gaishe shi su sunkuyar da kai. Tunda yake bai taɓa yin ciko irin wannan ba. Cikon ya cinye sauran damina, ya cinye rani, ruwan farko da na biyu suka zo suka wuce yana nan daram.

Kwamitin baɗi ya fito, rabinsu sababbin fuska. Suka je tsallake suka dawo, suka zauna a ɗakin taro, na shiga da tiren ruwa. Injiniya ya sauko da zanen daga bango ya kawo shi da gilashinsa, ya yi bayani har jijiyar wuyansa ta tashi. Suka saurare shi da ladabi. Sai mai jagorantar zaman ya ce akwai wurare da yawa da ko babur ba ya wucewa yanzu haka, wannan kuwa sun bi ta kai da kansu.

Na ajiye tiren da ƙarfi har kofuna suka yi ƙara. Na ce, "A wurin nan 'yar ɗan'uwana ta mutu."

Sai a lokacin suka ga akwai mutum a ɗakin. Mai jagorantar ya ce, "Allah ya jiƙanta, Inna, Allah ya ba ku haƙuri. Mun ji labari. Amma ai an gyara, kuma gaskiya wanda ya yi aikin ya iya." Ya juya ga na kusa da shi ya ce tana biyuwa.

Da yamma na biya gidan Yaya. Yana zaune a kan benci a ƙofar ɗaki, inda yake zama yanzu, ba ya tsayawa a ƙofar gida tunda babu wanda yake jira. Na gaya masa duk yadda aka yi, ina faɗa ina huci, na zagi wanda zan zaga. Ya bari na gama.

"Motarsu ta girgiza da suka hau?"

Na ce, "An ce ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai. "To yara za su wuce."

Gabas ta fara duhu, iska tana kaɗa shanyar matarsa. Ya ɗaga kai ya dubi hadarin, ya dubi shebur ɗinsa da ke jingine a bango. Sannan ya jawo takalminsa ya sunkuya ya fara ɗaurawa.